RUWA NAWA GONARKA TAKE SHA?

  

Yau za mu yi magana a kan awon ruwa. Kowane manomi ya san tiya nawa ta iri ya shuka. Ya san buhu nawa na taki ya zuba. Ya san litir nawa na esansi injinsa ya ƙone. Amma in ka tambaye shi ruwa nawa gonarsa ta sha, sai ya yi dariya ya ce: "Malam, ai ruwa ba a auna shi." To, ana auna shi, kuma awon ba shi da wuya. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya iya ƙidaya da rubutu, zai iya yin sa da kayan da ke cikin gidansa.

ME YA SA ZA A AUNA RUWA?

Tun bayan farin 1973 da na 1984 noman rani ya zama babban abin dogaro a ƙasarmu. A Gulbin Maraɗi, da kwarin Tarka, da Majiya, da koramun Matamai da Magariya, lambuna sun yawaita. Da can da wasaki ko da jigo ake jan ruwa, kuma hannu yakan gaji, shi ya sa ba a ɓarna. Yanzu inji ya zo. Inji ba ya gajiya, sai dai rijiya ta gaji.

Ruwan da muke ban ruwa da shi, ruwan damana ne da aka ajiye. Wani yana cikin baraji, kamar na Mozage da na Zango masu shayar da gonakin Ƙonni. Wani yana ƙarƙashin ƙasa, kamar wanda ake jawowa da famfon lantarki a Jiratawa. Ko wanne ne, rumbu ne. Damana ce take cika shi, mu kuwa muna ɗiba tun daga kaka har bazara. Mai gida mai hankali ba ya buɗe rumbu ya ce kowa ya ɗibi son ransa. Yakan auna, don hatsi ya kai shi kaka.

Na taɓa zuwa wani gari inda manoma suke shan kanal ɗaya. A watan Maris rigima ta tashi. Waɗanda suke bakin kanal, gonakinsu sun zama tabki, albasarsu tana ruɓewa. Waɗanda suke ƙarshen kanal, tasu tana bushewa. Mutum biyu da suke sallah sahu ɗaya sun daina gaisawa, har maganar ta kai gaban mai gari. Da muka zauna muka yi lissafi, sai muka ga ruwan da ke shigowa ya ishi kowa. Rabon ne ba daidai ba, don babu wanda ya san abin da gonarsa take bukata. Na gaba ya yi asara saboda yawa, na baya ya yi asara saboda rashi.

INA RUWAN YAKE TAFIYA?

Ruwan da ka zuba a fangali hanya huɗu yake bi.

1. Wani yana malala, ya fita daga gona.
2. Wani yana nutsewa ƙasa, ya wuce inda saiwa take kaiwa.
3. Wani rana da iska suna ɗauke shi daga bisan ƙasa, kamar yadda wanki yake bushewa a kan igiya.
4. Wani saiwa tana sha, ya hau cikin kara, ya fita ta ganye.

Ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan shuka take shan iska, ta nan kuma take gumi. Wannan gumi shi ne yake sanyaya ta a cikin rana, shi ne kuma yake jawo abincin taki daga ƙasa zuwa sama. Cikin litir 100 da shuka ta sha, abin da yake zama a jikinta bai wuce litir 1 ko 2 ba. Sauran duka iska ce take tafiya da shi.

Gani ya kori ji. Ka samu leda fara marar huji, ka sa reshen tumatir ko na mangwaro mai ganye a ciki, ka ɗaure bakinta da safe. In azahar ta yi, ka koma ka duba. Za ka tarar da ruwa ya taru a cikin ledar. Gumin ganye ke nan.

Hanya ta 3 da ta 4, in aka haɗa su, su ne za mu kira "shan gona". Shi ne ainihin abin da gona take bukata, shi ne kuma za mu auna. Hanya ta 1 da ta 2 kuwa yawancinsu asara ne.

MENE NE MILIMETIR?

Kuna jin rediyo da damana yana cewa an samu ruwa milimetir 20 a gari kaza. Da wannan ma'auni ake auna shan gona. Ku duba abin ja layi na ƴan lakkol: ƙananan zane-zanen nan, kowane ɗaya milimetir 1 ne. Guda 10 su ne santimetir 1.

Ga abin da za ku riƙe:

Fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1 ana ce masa metir murabba'i 1. In ka zuba litir 1 a kansa, ruwan ya bazu daidai, zurfinsa milimetir 1 ne.

Hekta 1 metir 100 ce tsawo, metir 100 faɗi, wato metir murabba'i 10,000. Ke nan milimetir 1 a hekta 1 litir 10,000 ne. In da tano mai litir 200 za a auna, tano 50 ke nan.

Saboda haka in an ce gona ta sha milimetir 6 yau, ma'anarsa kowane metir murabba'i ya sha litir 6, hekta kuwa ta sha tano 300.

AWO NA FARKO: ABIN DA RANA TAKE ƊAUKA

A tashoshin binciken yanayi akwai wani faffaɗan tasa na ƙarfe, faɗinsa santimetir 121, zurfinsa 25. Ana cika shi da ruwa, kowace safiya a duba milimetir nawa ya ragu. Mu ma za mu iya yin namu da rabin tano.

Ka samu tano mai litir 200, a yanke shi, ka wanke shi sarai. Ka ajiye shi a fili kusa da gona, nesa da inuwar itace da ta bango. Ka ɗora shi bisa itatuwa biyu, ya zauna daidai ba karkata. Ka kafa ƙusa ko ka ja layi da fenti a ciki, kamar yatsa uku ƙasa da baki. Ka cika ruwa har ya taɓa layin. Ka kewaye shi da waya ko ƙaya don kada awaki da tsuntsaye su sha.

Kashegari da safe, a daidai lokacin da ka cika shi jiya, ka ɗauki kwalba mai litir 1, ka dinga ƙara ruwa har ya koma kan layi. Ka ƙirga litir nawa ka ƙara, ka rubuta.

Bakin tano faɗinsa kusan santimetir 57 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na metir murabba'i. Don haka kowane litir 1 da ka ƙara, milimetir 4 ne. In ka ƙara litir 1 da rabi, rana ta ɗauki milimetir 6. In ka ƙara litir 2, ta ɗauki milimetir 8.

Ƙarfe yana zafi, ruwan tano kuma a buɗe yake, shi ya sa yake tashi fiye da na gona. Saboda haka kashi 7 cikin 10 ake ɗauka. In tano ya rasa milimetir 8, sai ka ce 8 sau 7, 56, a raba da 10, ya ba da 5 da ɗan ƙari. Mu ce milimetir 6. Wannan shi ne shan gona wadda ganye ya rufe ta, kuma ba ta jin ƙishirwa. Awon gida ne, ba zai yi daidai da na tasha ƙwar-da-ƙwar ba, amma ya fi kintace nesa ba kusa ba.

In kun yi wata uku kuna rubutawa, za ku ga abin da kanku. A Disamba da Janairu, lokacin ɗari, tano ba ya rasa ruwa da yawa. Ranar da iskar hunturu ta taso da ƙarfi, sai ya ƙaru. A Maris da Afrilu, da zafi ya shigo, sai ya hau sosai. Abu huɗu ne suke sa haka: rana, zafi, iska, da bushewar iska. Wani masani ɗan Ingila mai suna Penman ya fitar da lissafin haɗa waɗannan abubuwa a 1948, kuma har yau a kan aikinsa masana suke ginawa.

KOWACE SHUKA DA IRIN SHANTA

Jariri ba ya cin abin da saurayi yake ci. Haka shuka.

Albasa da aka dasa, a makonnin farko tana shan kamar kashi 7 cikin 10 na wancan lissafi. Saiwarta ba ta kama ba tukuna, don haka kaɗan-kaɗan take so, amma a kai a kai. Lokacin da ganye ya cika, ta fara yin kai, tana shan lissafin duka, har da ɗan ƙari. A nan ne ƙishirwa ta fi yi mata illa: kai ya ƙanƙance ko ya rabu biyu. Da ganye ya fara kwanciya, shanta ya ragu. A daina ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Albasar da aka shayar har ranar cira ba ta daɗewa a rudu.

Tumatir da tattasai sun fi bukatar ruwa lokacin fure da ɗaurin ƴaƴa. Alkama da masara kuwa lokacin fidda kai da cikar ƙwaya.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta tattara abin da shuke-shuke suke sha daga shuka zuwa girbi. Ga wasu:

Albasa: milimetir 350 zuwa 550
Alkama: milimetir 450 zuwa 650
Tumatir: milimetir 400 zuwa 800
Masara: milimetir 500 zuwa 800
Shinkafa: milimetir 450 zuwa 700, ban da wanda yake nutsewa a ƙasa
Rake: milimetir 1,500 zuwa 2,500

Ƙasarmu ƙasar rana da iska ce, don haka namu yakan kama wajen lambar sama, wani lokaci ma ya wuce. Ku duba albasa: in ta yi kwana 120 a gona tana shan milimetir 5 kowace rana, milimetir 600 ke nan, wato tano 30,000 a hekta 1. Ruwan saman da ake samu a wajen Maraɗi a damana guda kusan milimetir 500 ne. Ashe gonar albasa tana iya shan abin da ya fi damana ɗaya. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamaki ba in rijiya ta yi ƙasa a bazara. Zai kuma gane amfanin dasawa da wuri: albasar da ta yi girmanta cikin sanyi ta fi wadda ta kai Afrilu arhar ruwa.

AWO NA BIYU: ABIN DA KAKE ZUBAWA

Mun san abin da gona take sha. Saura mu san abin da muke ba ta.

Mai ban ruwa da hannu lissafinsa mai sauƙi ne. Fangali mai metir 2 da metir 5, metir murabba'i 10 ne. In shan gona milimetir 6 ne, yana bukatar litir 60 a rana, wato bido 3 masu litir 20.

Mai inji kuwa, ya sa bakin tiyo a cikin tano mai litir 200, wani ya riƙe agogo ko salula ya ƙirga. A yi sau uku don a tabbata. Misali, tano ya cika a daƙiƙa 40. To, 200 a raba da 40, litir 5 ke nan kowace daƙiƙa. A minti 1 litir 300, a awa 1 litir 18,000.

Yanzu mu ɗauki manomi mai gonar albasa metir 50 da metir 50, wato metir murabba'i 2,500, kwatan hekta. Albasar tana yin kai, shanta milimetir 6.

A rana 1: 6 sau 2,500, litir 15,000.
A kwana 3: litir 45,000.

Amma ba duk ruwan da ya fito daga tiyo yake kaiwa ga saiwa ba. In hanyar ruwa ta ƙasa ce, fangali kuma malala ake yi masa, cikin litir 10 kamar 6 ne suke amfani. Don gona ta samu 45,000, sai inji ya jawo 75,000. A raba 75,000 da 18,000: awa 4 da minti 10.

To, in wannan manomi ya saba barin injinsa awa 7, ya jawo litir 126,000. Rarar ta kai litir 51,000, wato tano 255, a ban ruwa ɗaya tak. Esansin kusan awa 3 ya tafi a banza. Takin da ya saya da tsada ruwa ya wanke shi, ya kai shi inda saiwa ba ta isa. Rijiyar maƙwabcinsa kuma ta yi ƙasa.

In kuwa ya gyara hanyar ruwa, ko ya sa tiyo har bakin fangali, ya daidaita fangalin ba tudu ba kwari, har ya zama litir 1 cikin 4 kaɗai yake ɓata, litir 60,000 sun ishe shi: awa 3 da minti 20.

AWO NA UKU: ABIN DA ƘASA TAKE RIƘEWA

Ƙasa kamar tulu take, in ta cika ba ta ƙara ɗauka. Jigawa ƙaramin tulu ce, laka babban tulu. Saiwar albasa kuwa gajera ce, yawancinta ba ta wuce santimetir 30. Don haka a jigawa albasa tana son ruwa kaɗan kowace rana. A ƙasar fadama mai laka-laka tana iya jiran kwana 3. Wanda ya zuba wa jigawa ruwan kwana 3 a tashi ɗaya, mafi yawansa zai wuce ƙasa, jibi kuma albasa ta ji ƙishirwa.

Kafin ka tayar da inji, ka tona rami da hauya, zurfin taƙi ɗaya. Ka ɗebo ƙasar ciki ka dunƙule a hannu. In ruwa ya fito tsakanin yatsunka, ta yi yawa, ka bari. In ta dunƙulu ta zauna, hannunka ya yi sanyi, akwai sauran ruwa. In ta dunƙulu amma da ka taɓa ta sai ta wargaje, lokacin ban ruwa ya yi. In ta ƙi dunƙuluwa sam, ka makara. Kada bushewar bisan ƙasa ta ruɗe ka. Kashegarin ban ruwa kuma ka sake tonawa ka ga iya inda laima ta kai. In ta wuce saiwa da nisa, ka rage.

Takin gida da ruɓaɓɓen ganye suna ƙara wa ƙasa riƙon ruwa. Shimfiɗa kara ko ciyawa a gindin tumatir yana rage wanda rana take ɗauka.

Akwai wuri ɗaya da ake ƙara ruwa da gangan: inda farin gishiri ko kanwa suke fitowa bisan ƙasa. Nan ana bukatar ɗan ƙari don ya wanke gishirin, amma sai in akwai magudanar da zai fita. In babu, ƙarin ruwa ƙarin ciwo ne. Ku nemi shawarar malamin gona kafin ku yi.

BA SHUKARKA KAƊAI TAKE SHA BA

Duk abin da yake da ɗanyen ganye a cikin kwari, da rumbu ɗaya muke ci da shi. Aya-aya da kiri-kiri da suka cika fangali suna sha kamar albasa. Kacala da ta toshe kanal ko bakin tabki tana sha dare da rana, tana kuma hana ruwa gudu. Turare itace ne mai shan ruwa ƙwarai, kada a dasa shi kusa da rijiya. Noman ciyawa da yashe kanal tattalin ruwa ne.

Amma kada wani ya ji haka ya ɗauki gatari. Itacen da aka dasa a inda ya dace yana rage shan gona, don yana karya iska. A kwarin Majiya, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, kuma hatsin da ke tsakanin layukan ya ƙaru. Gawo ma saiwarsa tana tafiya can ƙasa, ba ya takara da shuka sosai, ga taki daga ganyensa. Shinge mai rai a gefen da hunturu yake fitowa abokin mai lambu ne.

AWO NA HUƊU: RIJIYA

Ka samu igiya, ka yi mata ƙulli kowane rabin metir, ka ɗaura ƙaramin dutse a bakinta. Kowace Jumma'a da asuba, kafin a fara jan ruwa, ka zura ta daga wuri ɗaya a bakin rijiya har ka ji dutsen ya taɓa ruwa. Ka ƙirga ƙulli, ka rubuta da kwanan wata. Rijiya ta sauka da rani ta dawo da damana, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne in kowace kaka ba ta komawa inda ta kai bara. Ma'anarsa ana ɗiba fiye da abin da damana take zubawa. Sai manoman kwarin su zauna tun kafin a yi reno, su daidaita yawan filin da za a noma da irin abin da za a shuka.

AWO DAGA SAMA

Masana suna da hanyoyin da suka fi namu. Wasu sukan shuka abu a cikin babban akwati mai ƙasa, su dinga auna nauyinsa, abin da ya ragu shi ne ruwan da ya tashi. Yanzu kuma akwai tauraron ɗan Adam. Ganyen da yake gumi ya fi busasshiyar ƙasa sanyi, tauraron kuwa yana iya ganin wannan bambanci daga sama. Da haka ake lissafa shan kwari guda ba tare da an taka shi ba. A 2017 FAO ta buɗe wani tsari mai suna WaPOR wanda yake ba da wannan lissafi ga ƙasashen Afirka kowane kwana 10. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana bin sawun ruwan sama da halin amfanin gona a ƙasashen Sahel. Hukumar ONAHA kuwa, tun 1978 take kula da manyan gonakin ban ruwa na ƙasa tare da ƙungiyoyin manoma.

Duk da haka tauraro ba zai kashe maka inji ba, ba zai toshe maka ɓarakar kanal ba. Wannan aikin mai gona ne.

ABIN DA ZA MU YI A WANNAN MAKO

1. Kowace ƙungiyar manoma ta kafa rabin tano ɗaya. Ɗaya ya ishi gari.
2. A zaɓi mutum biyu da suka iya rubutu, mace ko namiji, su riƙe littafi. A ja layi huɗu: kwanan wata, litir da aka ƙara a tano, milimetir, zurfin rijiya.
3. Kowane mai inji ya auna daƙiƙa nawa injinsa yake cika tano, ya kuma auna tsawo da faɗin gonarsa.
4. A yi ban ruwa da sassafe ko da marece, ba da tsakar rana ba.
5. A ranar taro a karanta littafin a gaban kowa, a kansa za a raba lokacin ruwa.

Garin nan da na ba ku labari, haka suka yi. Da aka rubuta awannin kowa a allo aka kafe a bakin kanal, cacar baki ta ragu, don lamba ba ta da ɗan'uwa.

Ku da Allah ya ba ku karatu, ku karanta wa waɗanda ba su samu ba, a dandali ko a bakin rijiya. Wanda lissafi ya rikice masa, ya kawo littafinsa wurin malamin gona na yankinsa, a yi shi tare. A fitowa ta gaba za mu yi magana a kan gyaran fangali da hanyar ruwa.

Allah ya ƙara mana ruwa mai albarka, ya ba mu ikon tattalinsa.